Ranar da Dillalan Albasa Suka Manta da Shef

Shekara bakwai na yi ina aiki a wani biro, wato ofishi, da babu wanda ya iya faɗin sunansa a Malanville. Allon da aka kafa a bakin ƙofa ya fi ƙofar kanta faɗi, an cika shi da Faransanci har layi uku. Ma'anarsa dai reshen hukumar gwamnati mai nemo wa ƙasa kasuwa a waje da jawo masu zuba jari. Mutanen gari ba su da lokacin wannan dogon zance, suka raɗa masa biron baƙi, sunan kuma ya zauna. Ɗaki biyu ne da baranda a gefen hanyar da ta miƙe zuwa gadar kan iyaka, tsohon sito na wani kamfanin gyaɗa. Ni ne mai buga takardu, ni ne tafinta, ni ne kuma mai zuwa kasuwa, ko da yake a takardar ɗaukata aiki an rubuta mini wani muƙami mai daɗin ji. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya uku, ina kuma ganin na fi kowa wayo a danginmu saboda na yi lakkol, makarantar boko.

Zamanin mulkin soja ne, shekarun da kowa ya koma kamarad. Mai hukunci kamarad, wanda za a hukunta ma kamarad. Rabin kuɗin hukumarmu daga gwamnati yake fitowa, rabin daga wata ƙungiya ta ƙasashen waje, duka kuma sai sun bi ta hannun ma'aikatar ciniki a Kwatano, can kudu inda gwamnati take, kafin ɗan abin da ya rage ya hauro arewa.

Masu zuba jarin kam sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Duk shekara sai an turo mana wasu, Turawa masu jajayen wuya, su sauko daga mota su riƙe ƙugu su dubi kogi. Mu kai su Garou su ga fadamun albasa da shinkafa, su ɗebi ƙasa a 'yar leda, su yi ta maganar masana'antar busar da albasa, su cinye mana zabi, su tafi. Har yau ban ga ko tubalin masana'antar ba.

Abin da ya yi aiki shi ne ɗaya ɓangaren, kuma shef ɗinmu, shugaban biron, shi ne ya sa ya yi. Mutumin kudu ne, Kirista, gajere mai sanƙo, mai taurin kai irin na wanda bai taɓa cin hanci ba kuma yana so kowa ya sani. Da farko na tsane shi. Yana gyara mini waƙafi a takarda, yana duba agogo in na shigo. Amma ya koyi Dandanci, yaren mutanen kogi, da Hausa, yana cakuɗa su yadda ya ga dama, mata a kasuwa suna kwaikwayonsa a gabansa yana dariya. Shi ne ya riƙa rubuta wasiƙu zuwa Lome da Abijan da Akara har ya samo manyan masu sayen albasa. In wasiƙar mai saye ta zo, sai in ɗauka in tafi rumfar kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ne babban dillalan albasa na kasuwa. Kawu ya raba odar tsakanin mutanensa, a tattaro daga gonaki, a cika kamiyon, babbar motar kaya. Shef kuma ya ba direba takarda mai hatimin hukuma, wadda take sa jandarma a shingayen hanya su ɗaga sanda ba tare da sun tsare kaya kwana uku a rana har su ruɓe ba. Wanda ya san albasa ya san abin da kwana ukun nan yake nufi.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya kafa tun ranar farko: ba a rubuta sunan kowa. Yana da dalili. 'Yan shekaru kafin nan an kafa wata ƙungiyar 'yan kasuwa, kowa ya ba da sunansa da zuciya ɗaya, sai ga shi ranar da gwamnati ta tashi farautar masu ɓoye abinci, da littafin ƙungiyar aka bi gida gida ana fasa sito. Tun daga nan mutanenmu suka ɗauki alƙalamin hukuma abin gudu. Shef ya saurara, ya cire hularsa a tsakiyar rumfa, ya yi alkawari. Saboda haka duk takardun da na buga a shekarun nan, a gurbin mai kaya sai in rubuta manoman yankin kogi. Lambar kamiyon tana nan, yawan buhuna yana nan, garin da za a kai yana nan, sunan mutum ne kawai babu. Shekara da shekaru Kwatano tana karɓar rahotonmu a haka, har da wasiƙar yabo.

Ban iya tuna ranar da abin ya fara juyawa ba, domin a hankali ya zo. Kuɗin esansi, man mota, ne ya fara tsayawa, motar biro ta zauna a gindin bishiyar bedi har tayoyinta suka sace, shef ya koma hawa mobilet, ɗan ƙaramin babur. Sai aka yanke mana tarho. Albashi ya riƙa zuwa yana tsallake wata. Muka ji cewa masu ba da rabin kuɗin daga waje sun fara tambayar inda nasu ya shiga, kuma amsar da ma'aikata ta ba su ba ta gamsar da su ba. Daga nan rediyo ya ɗauki wata sabuwar al'ada. Da tsakar rana, bayan labarai, sai a karanta cewa majalisar ministoci ta kafa kwamitin bincike a kan kamfani kaza na gwamnati. Bayan mako biyu ko uku a karanta sunayen waɗanda aka samu da yi wa tattalin arzikin ƙasa zagon ƙasa. Mai karantawar yana da murya mai sanyi, yana ja wa kowane suna numfashi. Ni da shef muna cin abinci a baranda muna ji, ba mai duban wani.

Wasiƙar farko ta zo da ladabi, tana neman cikakken jerin 'yan kasuwar da suka amfana da reshenmu. Shef ya amsa da shafi huɗu yana bayanin halin mutanen kogi da abin da ya faru da littafin ƙungiya. Ni na buga, na kuma gaya masa cewa a Kwatano babu mai karanta shafi huɗu. Ta biyu ta zo ba gaisuwa, layi uku. Ya sake aika musu da shafi huɗun nan, ya ƙara ɗaya. Na ce masa ya rubuta sunaye na ƙarya mana, wa zai hauro har nan ya duba? Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya ce in koma kan aikina.

Ta uku ba ta zo ba. Maimakonta sai abokinsa na hedikwata, wanda suka yi makaranta tare, ya daina amsa wasiƙunsa. Kwamandan jandarma, da yakan tsaya shan ruwan sanyi a barandarmu, ya koma wucewa ta ɗaya gefen titi yana duban gabansa. Wani mutum da ba mu sani ba ya fara zama wurin mai kafe da ke fuskantar ƙofarmu, kofi ɗaya tun safe har azahar, da takalmi irin na soja a ƙarƙashin wandon farar hula. Ana cikin haka shef ya sa matarsa da yaransa a mota zuwa kudu, ya ce wai makarantun can sun fi kyau, alhali shekarar karatu ta yi rabi. Ranar ce tsoro ya kama ni sosai.

Shef ne da kansa ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da ake zarginsa da shi, domin wani ya tsegunta masa. A Kwatano an ɗauki takardunmu an jera. Ga kamiyon bayan kamiyon sun fita ƙasa da hatimin hukuma, ba su da mai kaya. To, ko dai babu kamiyon ɗin, ya ƙirƙire su ne don ya ci kuɗin aiki, ko kuwa akwai su kuma kayan nasa ne, yana fasa-ƙwauri da hatimin gwamnati. Kowanne aka ɗauka, sunansa zai fito a rediyo. Mafita ɗaya ce: masu kayan su tsaya gaban kwamiti su ce namu ne. Ya ce shi ba zai ambaci kowa ba, ya riga ya yi alkawari, amma in su da kansu suka faɗa, ba wanda ya karya komai. Babu laifi kuma a cikin abin da suka yi, albasa ce ta halal, an biya duwan, wato kwastan, doka ba ta hana ba.

Lokacin zafi ne, tsakiyar kakar albasa. Kasuwa ta cika da buhuna har kan hanya, warin yana shiga tufafi yana bin mutum gida. Na sami Kawu a rumfarsa da hantsi, yana zaune a kan buhu yana murza wata albasa a hannu. Ya ce, «Mushe, zamna», haka yake kirana da lakabin girmamawa na Faransanci in yana son ya tsokane ni. Na zauna na warware masa komai. Sau uku na maimaita, da Hausa, da Dandanci, na sake da Hausa. Na ce wannan karon gaskiya ce za ta fid da mutumin, in an tambaye su su ce sun san shi, kayan nasu ne.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, «Kai ɗan lakkol na, ba ka san soja ba. In soja yat tambaye ka ko ka san mutum, to mutumin nan ya riga ya shiga hannu. Kac ce ka san shi, ka ƙara mishi kaya, ka ɗora ma kanka.»

Ya tuna mini da ɗan duwan ɗin nan na bakin gada, wanda a shekarar yunwa ya riƙa kau da kai mutane suna ƙetarewa da hatsi. Da aka zo bincikensa, kasuwa kaf ta rantse ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, masu binciken suka rasa shaida ko ɗaya, aka sake shi aka yi masa canjin wuri. Kawu yana alfahari da wannan labari, shi ya tsara abin, kuma duk Malanville ta san haka ake yi wa mutumin kirki in hukuma ta tasa shi gaba. Na ce masa ba iri ɗaya ba ne. Wancan an zarge shi da yin abu, sai aka rasa wanda ya gani. Wannan ana zarginsa da cewa masu kayan ba su wanzu ba. Na ɗaga murya har masu ɗinkin buhu suka juyo, abin da ban taɓa yi masa ba.

Ya dube ni ya ce, «To, mun jiya. Tahi ka ce ma shef shi kwantar da hankali nai, ba mu bari a taɓa shi.»

Na san kawuna. Na san yadda fuskarsa take in ya yarda, na san yadda take in ya ga yaro yana ɓaɓatu ya ƙyale shi. Amma na gaji, ina kuma son in ji abin da na ji, sai na tashi na kai wa shef albishir. Daga baya na sami labarin cewa bayan azahar Kawu ya tara dillalai a bayan masallacin kasuwa. Ya gaya musu cewa sojoji sun ruɗe ni, ko kuma sun tsorata shef har yana neman ya jefa kansa a rami, don haka wajibi ne su cece shi ko da bai so ba. Ba wanda ya musa. Wasu har da hawaye, saboda suna ƙaunarsa da gaske.

Kwamitin ya iso ranar Talata da safe cikin mota biyu. Mutum uku ne: wani kapiten na soja siriri mai magana a hankali, wani farar hula mai tabarau daga ma'aikata wanda yake riƙe da takardunmu, da magatakarda. Aka zauna a zauren taro na gidan gunduma, tagogi a buɗe, fanka ba ta aiki. Aka ajiye shef a kujera shi kaɗai a gefe. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, a wannan zafin. Dillalai goma sha ɗaya suka zo, kowa da babbar rigarsa, suka jeru a benci a waje. Da na gan su na ji daɗi har na yi wa shef murmushi.

Ni aka sa tafinta. Kafin a fara, kapiten ya nuna mini wani soja da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce kamarad ɗin nan ɗan Karimama ne, yana jin Dandanci da Hausa kamar ni, an kawo shi ne don ya taimake ni in na manta wata kalma. Na ce na gode.

Kawu aka fara kira. Ya shigo yana ɗingishi, shi da ƙafarsa lafiya lau, ya durƙusa ya gaida kowa har da magatakarda. Kapiten ya nuna shef ya tambaya ko ya san wannan mutum. Na fassara. Kawu ya juya ya ƙare wa shef kallo, ya ƙanƙance ido, ya ɗan karkata kai.

«Wanga bawan Allah? Ina ganin shi bisa hanya, shina wucewa da mobilet. Ban san aikin da shika yi ba.»

Na tsaya ban fassara ba. Na ce masa da Hausa, ƙasa ƙasa, Kawu, ka tuna abin da muka yi magana. Sojan bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Kapiten bai ko ɗago ba, ya ce in faɗi abin da tsohon ya ce kawai. Na faɗa. Aka tambaye shi ko ya taɓa aika albasa waje ta hannun biron. Ya yi 'yar dariya ta talaka, ya ce shi ina ya ga albasar cika kamiyon, buhu ɗaya buhu biyu yake saidawa don tuwon yara. Mutumin da rabin albasar kogi take bi ta hannunsa. Wannan ma na fassara. Aka karanta masa abin da ya faɗa, ya dangwala yatsa. Da zai fita ya bi ta gaban shef bai dube shi ba, amma ni ya ɗan kashe mini ido.

Sauran goman suka biyo, kowa da irin tasa gwanintar. Wani ya ce shi kurma ne. Wani ya ce ya ɗauka biron na masu allurar shanu ne. Wani, wanda shef ya taɓa kai matarsa asibitin Kandi da motar biro tana naƙuda, ya rantse bai taɓa taka barandar ba. Ni kuma ina tsaye ina juya kowace kalma zuwa Faransanci, da bakina, ɗaya bayan ɗaya. Mai tabarau yana yin 'yar alama a gefen takarda duk lokacin da mutum ya fita. Wajen na biyar shef ya cire kwat ɗinsa ya ninke ta a kan gwiwa. Bai yi fushi ba. Ina ganin ya gane abin da suke yi tun daga Kawu, ya kuma gane don shi suke yi.

Da aka gama da su kapiten ya ce a sallame su, su koma kasuwa. Muna jin su suna fita daga harabar, suna gaisawa da jandarma da fara'a. Sai ya juya ga shef ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Shef ya ce kayan na manoma da dillalan garin nan ne, an fitar da su bisa doka, shi bai ci ko dala ba. Aka ce ya faɗi sunan mutum ɗaya. Ya ce ya yi alkawari. Mai tabarau ya yi tsaki, ya ce gwamnati ba ta ba da kuɗinta don a riƙa yi wa 'yan kasuwa alkawari ba.

Na ɗauka an gama da ni, har na fara matsawa baya. Kapiten ya ce in dawo, in zauna a kujerar shaida. Ya yi mini magana a hankali, kamar mai ba ɗansa shawara. Ya ce ya san ni ɗan garin ne, ya san ni nake zuwa kasuwa, ya kuma san tsohon da ya fara shigowa kawuna ne. Ya ce in na ce kayan na waɗannan mutane ne, zai rubuta, kuma zai duba maganar shef da idon rahama. Sai dai in sani cewa mutum goma sha ɗayan nan sun dangwala yatsa a gaban kwamitin gwamnati. In maganata gaskiya ce, to su sun yi wa juyin juya hali ƙarya, kuma akwai wuri a mota ta biyu, in bai isa ba za a nemo kamiyon.

«Kamarad, kayan na wane ne?»

Ina so in ce shef ya yi mini alama in yi shiru. Shekaru da yawa haka nake ba da labarin, har na kusa yarda. Bai yi ba. Taga yake kallo, ya bar ni da kaina. Na tuna Kawu da ciwon sukarinsa, na tuna mahaifiyata, na tuna cewa a garin nan zan ci gaba da zama, a nan 'ya'yana za su yi aure. Ban sani ba ko kapiten da gaske yake zai kwashe su, ko kuwa gwada ni yake yi. Ban tsaya na gano ba. Na ce ni aikina buga takarda ne da fassara, abin da aka ba ni nake bugawa, ban san masu kayan ba.

Magatakarda ya rubuta. Ni ba a ba ni tawada ba, alƙalami aka miƙo mini na sa hannu.

Kafin azahar suka tafi da shi. Sun bar shi ya shiga biro ya ɗauki jakarsa, ya ba ni mabuɗin, ya ce in rufe tagogi saboda ƙura kada ta shiga mashin ɗin buga takardu. Ya miƙo mini hannu na karɓa, ban iya duban fuskarsa ba. Bayan mako uku muka ji sunansa a rediyo, na huɗu a jeri. An rufe reshenmu a wannan watan, aka kwance allon. Na ji ya yi shekaru a tsare, na ji an sake shi ba lafiya, ya koma ƙauyensu. Ban sake ganinsa ba, ban kuma taɓa rubuta masa wasiƙa ba, ni da rubuta wasiƙa ne sana'ata.

A ranar dai, bayan motocin sun wuce, na zauna a baranda da mabuɗin a hannu. Mai takalmin soja ya bar wurin mai kafe. Bayan la'asar sai ga Kawu tafe da mutum huɗu daga cikin dillalan, ɗingishin ya warke, ɗayansu yana jan ɗan rago da igiya. Sun zo yi wa shef barka. Tun daga nesa Kawu yake dariya.

«Mushe, ka ga yadda aka yi? Mutum goma sha ɗaya, ko guda bai yi tuntuɓe ba. Ina shef ɗin? Kira shi shi amshi rago nai.»

Na ce sun tafi da shi. Ya ce ina. Na ce Kwatano. Ya ce ai shaida ba su samu ba. Na ce sun samu, guda goma sha ɗaya, kowace da yatsa a ƙasa. Na sake yi masa bayanin da na yi masa a rumfa, kalma ɗaya ban canja ba, amma wannan karon ya ji. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan matakalar baranda da babbar rigarsa. Mai riƙe da ragon ya saki igiyar. Wani a cikinsu ya ce a nemi mota a bi su, wani ya ce yanzu sun wuce Kandi.

Ni kuwa, da na ga ya karye, sai na samu bakin magana. Fushin da na tara tun safe na sauke masa shi duka a gaban mutanensa. Na ce sau uku na gaya masa. Na ce girman kai ne da jahilci, su ba a isa a koya musu komai ba, sun ɗauki mutumin da ya cire musu hula sun miƙa shi da hannunsu. Kansa a ƙasa yake har na gaji.

Can ya ɗago ya tambaye ni ko bayan fitarsu an tambayi wani. Na ce an tambayi shef, ya ƙi faɗin suna. Ya gyaɗa kai. Ya ce ni fa, ba a tambaye ni ba? Na ce an tambaye ni.

«Mi kac ce?»

Na gaya masa. Na fara kawo dalilaina, mota ta biyu, yatsun da suka dangwala, ciwonsa. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Ba da faɗa ya yi maganar ba.

«Mu da munka yi, ba mu sani ba. Kai hwa?»